Ƙungiyoyin Samarin Musulmi a Ƙasar Yauri

Jawabi ga hakimai da malamansu na ƙasashen Yauri da Ngaski da Shanga

  

Maƙasudin wannan jawabi shi ne a yi bayani a kan ƙungiyoyin nan da samari da 'yan mata Musulmi ke kafawa da kansu a garuruwa da ƙauyuka, da kuma irin zaman da ya kamata hakimi da malaminsa su yi da su. Hakimai sun fi kowa sanin ƙasarsu, saboda haka abin da za a faɗa tuni ne kurum. Amma tuni ne da ya zama wajibi, domin yawan samari ya kai inda ba a taɓa gani ba. Ƙidayar shekara ta 2006 ta sami mutum wajen 350,000 a ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga, jama'a kuwa ta ƙaru ƙwarai tun daga lokacin. An kuma tabbata fiye da rabin mutanen Nijeriya ba su kai shekara 30 da haihuwa ba. Watau in hakimi ya dubi talakawansa ran Salla a filin Idi, mafi yawan kawunan da zai gani na yara ne da samari.

Maganar duka ga ta a taƙaice. Samari za su haɗu, ko an so ko ba a so. Abin da ya rage a hannun manya shi ne inda za su haɗu, da wanda za su haɗu a hannunsa. Ƙungiyar da hakimi ya sani, ya ba ta wurin zama da aikin yi, dukiya ce ga ƙasarsa. Wadda aka ƙyale ko aka kora kuwa, wani ne zai tsince ta.

Abin ba baƙo ba ne

Tun kafin zuwan Turawa, da wuya a sami gari a ƙasar Hausa da ba shi da Sarkin Samari. Samari su ke zaɓensa, su naɗa masa Waziri da Galadima da Alƙali kamar yadda suke gani a fada, 'yan mata su ma da tasu shugabar. In za a yi gayya a gonar wani, ko a share hanya, ko a ɗora jinka, Sarkin Samari ake gaya wa, shi kuma ya tara mutanensa. Wanda ya ƙi fita a ci shi tarar goro. Dagaci ya san shi, shi ma ya san ƙofar dagaci. A bakin Kwara kuma akwai Sarkin Ruwa da manyan masunta, waɗanda a hannunsu yaro ke koyon tuƙi da jifan birgi da sanin inda dorina take kwana. Wasan Rigata da ake yi a Yauri, wanda baƙi ke zuwa kallo daga nesa, ƙarfin damtsen samari ne ke riƙe da shi.

Ta wajen addini ma haka abin yake. Mutanen Kogo da Alƙur'ani ya ba da labarinsu samari ne. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba Usamatu ɗan Zaidu shugabancin runduna yana saurayi, alhali a cikinta akwai manyan Sahabbai. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a 1754, ya fara wa'azi yana da shekara wajen 20. Ɗansa Muhammadu Bello bai kai shekara 25 ba sa'ad da aka yi hijira zuwa Gudu a 1804. 'Yarsa Nana Asma'u kuma ta kafa 'Yan Taru, tana aika jajis ƙauyuka suna karantar da mata da 'yan mata. Saboda haka wanda ya ce tara samari domin addini da aikin gari baƙon abu ne, bai duba tarihi ba.

Ƙungiyoyin zamani

Da makarantun boko suka yawaita, sai haɗuwar samari ta ɗauki sabon salo, da tsarin mulki a rubuce, da shugaba da magatakarda da ma'aji. A watan Afrilu na 1954 waɗansu 'yan makaranta a Ikko, watau Legas, suka kafa Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Nijeriya, wadda aka fi sani da MSS, shugabanta na farko kuwa shi ne Abdullateef Adegbite. Daga nan ta bazu cikin makarantun sakandare da kwalejoji har Arewa. A 1962 Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello da Malam Abubakar Gumi da waɗansu manya suka kafa Jama'atu Nasril Islam a Kaduna. A 1963 Malam Mudi Salga ya kafa Fityanul Islam a Kano, ma'anar sunan kuwa samarin Musulunci. A 1978 Malam Isma'ila Idris ya kafa Izala a Jos. A 1985 aka kafa FOMWAN a Minna, wadda ta haɗa ƙungiyoyin mata Musulmi, Hajiya Aisha Lemu ce Amirarta ta farko.

Jama'atu da Fityanu da Izala kowace tana da 'yan agajinta, waɗanda ake gani da kakinsu suna gyara sahu a Idi, suna tsare hanya wurin tafsiri da Mauludi da wa'azi, suna ɗaukar marasa lafiya da waɗanda suka yi haɗari. Waɗannan manyan ƙungiyoyi suna da shugabanni a jiha da ƙasa baki ɗaya, in reshensu ya yi ba daidai ba akwai wanda za a kai wa ƙara.

Amma waɗanda wannan jawabi ya fi nufa su ne ƙananan, waɗanda ba su da uwa a Kaduna ko Abuja. Samari goma sha biyar na masallacin unguwa da suka ce za su riƙa share maƙabarta. Tsofaffin ɗaliban wata Islamiyya da ke tara kuɗi duk Jumma'a. Majalisar shayi da ta ɗauki suna, ta buga hatimi, ta buɗe zaure a WhatsApp. Irin waɗannan su ne mafi yawa, su ne mafi kusa da talaka, su ne kuma ba wanda ya rubuta sunansu a ko'ina.

Halin da ƙasar Yauri ke ciki

Ƙasar Yauri tana da nata sha'ani wanda ya bambanta da na sauran masarautu. An fara ginin madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka gama a 1968. Da ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, sai ya cinye gungu da fadamu da garuruwa, aka tashi mutum fiye da 40,000 a ƙasashen Yauri da Borgu aka sake musu mazauni. Gungawa, waɗanda suka shahara da noman albasa a tsibiransu, da yawansu suka koma tudu. Garin da aka tashe shi ba gidaje kaɗai yake rasawa ba, har da dandalinsa, da itacen da dattawa ke zama a gindinsa, da tsarin wa ke gaba da wa. Jikokin waɗanda aka tasa ɗin su ne samarin yau.

Waɗannan samari kuwa akwai masu kiransu ta kowace fuska. Akwai ramukan haƙar zinariya, inda yaro ke barin aji ya tafi, ya ga kuɗin da ubansa bai taɓa riƙewa ba, ko kuwa rami ya rufta da shi. Akwai masu sayar da ƙwaya irin su tiramadol da maganin tari mai kodin, wanda Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da shi a 2018. Akwai 'yan siyasa masu neman 'yan banga in zaɓe ya ƙarato. Akwai kuma masu bindiga. Ba wanda ya manta da ran 17 ga Yuni, 2021, da aka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri aka kwashe ɗalibai da malamai, waɗansu 'yan matan ba su ga gida ba sai 2023. A Nuwamba 2024 kuma Lakurawa suka kashe mutane a garin Mera na ƙaramar hukumar Augie, cikin wannan jiha ta Kebbi, aka kuma ba da labarin suna jawo samari da kuɗi da sunan addini.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Saurayin da ke da ƙungiya a garinsu, wadda in bai zo taro ba za a bi sawunsa, ya fi wuyar ɗauka bisa wanda ba mai tambayar inda ya kwana.

Ikon hakimi a yau

A zamanin En'e hakimi na iya hana taro da baki ɗaya, dogari ko ɗan doka ya tsaya a kai. Wannan zamani ya wuce. Tun ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e, sa'an nan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya mai da mulkin yau da kullum hannun majalisun ƙananan hukumomi. Tsarin Mulkin 1999 kuma, a sashe na 38 da na 40, ya ba kowa 'yancin addini da 'yancin haɗuwa da wanda ya so. Saboda haka hakimi ba shi da ikon rushe ƙungiya don ba ta yi masa daɗi ba, ba kuma shi ke ba da izinin kafa ta ba. Wadda ke son rajista ta hukuma, sai ta bi ta ofishin da ke kula da jin daɗin jama'a a ƙaramar hukuma ko ma'aikatar jiha, in kuwa tana son ta mallaki fili da sunanta a dokance, sai Hukumar Rajistar Kamfanoni ta tarayya.

Amma fa abin da ya rage wa hakimi ba kaɗan ba ne. Yana da girma, yana da sanin asalin kowa, ƙofarsa kuma ita ce baƙo ke fara nema. An ga ƙarfin wannan a yaƙi da shan inna. Allurar rigakafi ta ci tura a wurare da yawa har sai da sarakuna da hakimai da dagatai suka sa baki, aka bi gida gida, har a watan Agusta 2020 aka tabbatar Nijeriya ta rabu da ainihin ƙwayar cutar mai yaɗuwa da kanta. Ba da bulala aka yi wannan ba. Da irin wannan iko ne za a riƙe samari.

Akwai kuma kuskuren da ke ɗaya gefen, watau hukuma ta rungume ƙungiya har ta shaƙe ta. A Jamhuriyar Nijar, bayan Seyni Kountché ya karɓi mulki a 1974, ya farfaɗo da Samariya ya mai da ita hannun gwamnati. An yi aikin gayya mai yawa, an gina azuzuwa, an dasa itatuwa. Amma da mulkin ya sauya aka koma siyasar jam'iyyu a farkon shekarun 1990, sai Samariya ta dushe, domin jama'a sun riga sun ɗauke ta kayan gwamnati. Ƙungiyar da ta zama 'yar amshin fada, ranar da samari suka gane haka za su bar wa fada kayanta su kafa wata a ɓoye.

Littafin malamin hakimi

Aiki na farko na malamin hakimi ne. Ya kamata kowane ofishin hakimi ya ajiye littafi guda domin ƙungiyoyin samari na ƙasarsa, kowace da shafinta. Littafin sani ne, ba na izini ba, kuma ba a karɓar ko kwabo a kansa. Abin da za a rubuta shi ne:

Na ɗaya, sunan ƙungiya, da garinta ko unguwarta, da shekarar da aka kafa ta.

Na biyu, sunan shugaba da magatakarda da ma'aji, da gidajen da suka fito.

Na uku, malamin da ke karantar da su, da inda ya yi karatu, da wanda ya san shi a garin.

Na huɗu, wurin taronsu da ranarsa da lokacinsa.

Na biyar, inda kuɗinsu ke fitowa, da wanda ke ajiye shi.

Na shida, aikin da suka yi wa gari a cikin shekara.

Na bakwai, dattijo ɗaya ko biyu da su samarin suka zaɓa da kansu su zama iyayen ƙungiya.

Dagatai da masu unguwa su ne za su kawo labari, amma ya fi kyau malamin ya taka da ƙafarsa ya zauna a taronsu ko sau ɗaya, gama gani ya kori ji. Kada ya je kamar mai bincike. Ya je da gaisuwar hakimi, ya ji abin da suke so, ya rubuta. Sa'an nan a sa rana, ko sau biyu a shekara, misali bayan ƙaramar Salla da bayan kaka, shugabannin su zo gaban hakimi gaba ɗaya, a shimfiɗa musu tabarma, kowa ya faɗi abin da ya yi da abin da ya dame shi. Yaron da aka saurare shi a zaure ba ya bukatar ya yi ihu a kasuwa.

Yadda ake gane ta gari da wadda za a yi hattara da ita

Ƙungiya ta gari ƙofarta a buɗe take. Iyaye sun san inda 'ya'yansu suke, limamin gari na iya shiga ya zauna, kuɗinta ana karanta shi a bainar jama'a, 'ya'yanta kuma suna ƙara ladabi a gida, ba su bar gona ko makaranta ko sana'a ba.

Alamun da ke sa a yi hattara su ma sanannu ne. Taro a ɓoye da dare a bayan gari. Baƙon malami da ba wanda ya san malaminsa. Kuɗi ko babura da ba a san mai bayarwa ba. Rantsar da yara kada su faɗi abin da aka koya musu. Koya musu cewa iyayensu da limaminsu kafirai ne, ko su ƙi cin yankan gidansu. Horon faɗa da tara makami. Mutanen Kano sun ga irin waɗannan alamu a zauren Muhammadu Marwa Maitatsine shekaru kafin Disamba 1980, lokacin da fitinar ta ci rai fiye da 4,000. Mutanen Maiduguri ma sun gani kafin Yuli 2009. A duka biyun ba rashin gani ne ya kawo ɓarna ba, jinkiri ne.

In hakimi ya ga irin wannan, kada ya tura samarin gari su far musu, kada kuma ya yi shiru. Ya sa malaminsa ya rubuta abin da aka gani da ido, da rana da wuri, ban da jita-jita, ya kai gaban Sarki da shugaban ƙaramar hukuma da jami'an tsaro. Amma a kiyaye ƙwarai. Gemu ko ɗage wando ko riƙon carbi ko saɓa wa hakimi a mas'alar fiƙihu ba laifi ba ne. In aka ɗora wa yaro sunan ɗan ta'adda don ya yi gardama da limami, an zalunce shi, an kuma tura shi hannun waɗanda ake gudu.

Aikin da za a ba su

Ƙungiyar da ba ta da aiki sai taro da gardama, ba ta daɗewa ba ta rabu biyu ba. A ƙasar Yauri kuwa aiki ba ya ƙarewa, babbansa kuma yana bakin ruwa.

Ran 26 ga Mayu, 2021, jirgin ruwa ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse kusa da Wara ta ƙasar Ngaski, kaɗan ne suka fita da rai, cikin mamatan akwai mata da ƙananan yara. Abubuwan da ke kawo irin wannan an san su: lodin da ya wuce kima, tafiyar dare, tsohon jirgi, rashin rigar ruwa, da kututturan itatuwan da tafki ya shanye tun 1968, waɗanda ke tsaye a ƙarƙashin ruwa suna jiran katako. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, watau NIWA, ta hana tafiyar dare da wuce kima a lodi, ta kuma wajabta sa rigar ruwa. Hukumar HYPPADEC mai hedkwata a Minna ta sha raba rigunan a garuruwan bakin tafki. Amma ma'aikatan hukuma ba su isa su tsaya a kowace tasha kowace ran kasuwa ba. Samarin garin kuwa suna nan.

Hakimi na iya haɗa shugabannin samari da Sarkin Ruwa da masu jirage a zaurensa a yi shawara. A kowace tasha a sa samari biyu ko uku ran kasuwa, da littafi, su rubuta sunan duk wanda ya shiga jirgi da garinsu, su miƙa rigar ruwa, 'yan'uwansu na ɗaya tashar su karɓa su ƙirga. A san gwanayen iyo na kowane gari da lambar wayarsu. A sa alama inda aka san akwai kututture. Samari ba za su kama kowa ba, ba za su ci tara ba, ba kuma za su karɓi kuɗi ba. In mai jirgi ya ƙi ji, su gaya wa Sarkin Ruwa, shi ya kai gaba. Wanda ya hana jirgi ɗaya tashi da lodin da ya fi ƙarfinsa ya yi aikin addini da ya fi tarurruka ɗari.

Na biyu shi ne karatu. Dattawa sun tuna Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950, yadda aka koya wa manya karatu da rubutu a zaure da yamma. Yau a kowace gunduma akwai waɗanda suka gama sakandare ko kwaleji suna zaune. Su buɗe ajin yamma domin yaran masunta da almajirai da waɗanda suka dawo daga ramin zinariya, hakimi ya roƙa musu aron aji a makarantar gari. Su kuma taimaka wajen kwantar da hankalin iyayen da tsoro ya sa suka cire 'ya'yansu, musamman mata, tun abin da ya faru a Birnin Yauri.

Na uku lafiya da gayya. Yashe magudanun ruwa kafin damina, tsabtace bakin rijiya saboda amai da gudawa, gaya wa iyaye cewa fitsarin jini da yaran bakin ruwa ke yi tsargiya ce kuma tana da magani a asibiti, ba da jini ga mai haihuwa, kwashe kayan waɗanda ambaliya ta ci kamar yadda aka gani a 2012 da 2020 da 2022. Duk waɗannan hannu suke bukata fiye da kuɗi, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka.

Abubuwa huɗu masu kashe ƙungiya

Na farko kuɗi. Mafi yawan ƙungiyoyin da suka watse, a kan asusu suka watse. A nan malamin hakimi zai yi babban taimako in ya zaunar da magatakarda da ma'aji ya koya musu abin da ya iya: shafin shiga dabam, na fita dabam, rasit ga kowane abin da aka saya, ba a fid da kuɗi sai da sa hannun mutum biyu, a kuma karanta lissafi a gaban kowa duk wata. Kada hakimi ko malaminsa su yarda su zama masu ajiya.

Na biyu shugaban da ba ya sauka. Manufar ƙasa kan matasa ta 2019 ta ɗauki matashi daga shekara 15 zuwa 29. Ana samun mai furfura da jikoki yana riƙe da kujerar shugaban samari shekara ashirin. Irin wannan a girmama shi, a mai da shi uban ƙungiya, a bar yara su zaɓi nasu duk shekara biyu ko uku. Karen bana shi ke maganin zomon bana.

Na uku siyasa. Dokar 2018 ta rage shekarun tsayawa takarar majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25, saboda haka saurayi na da ikon shiga jam'iyyar da ya ga dama, har ya tsaya da kansa. Amma ya shiga da rigarsa, ba da kakin agaji ko tutar ƙungiya ba. Ƙungiyar da ta karɓi kuɗin ɗan takara ta sayar da bakinta, bayan zaɓe kuma rabin 'ya'yanta ba sa gaisawa da rabi. Hakimi ma, da yake uban kowa ne, ya nisanci aika su irin wannan aike.

Na huɗu saɓanin malamai. A gari guda ana samun 'yan ɗariƙa da 'yan Izala da waɗansunsu. Hakimi yana da nasa ra'ayi kamar kowane Musulmi, amma tabarmarsa ta kowa ce. In ya halarci taron waɗannan, ya halarci na waɗancan. In zai ba da aikin tasha ko na maƙabarta, ya gauraya su, domin waɗanda suka ja gawa ɗaya daga ruwa da wuya su kafirta juna washegari. Har wa yau a tuna ƙasar Yauri ta Gungawa ce da Kambari da Shangawa da Dukkawa da Lopawa da Sarkawa da Hausawa da Fulani, a cikinsu kuma akwai Kirista da masu bin al'adun gargajiya. Dukansu talakawan Sarki ne. A gargaɗi samari a kan gori da izgili da tsare wa maƙwabci hanya, a kuma nuna musu cewa rigar ruwa ba ta tambayar addinin mai sa ta.

'Yan mata

Sau da yawa in an ce samari sai a manta da 'yan mata, alhali su ne rabin lissafin. Suna da ƙungiyoyinsu a Islamiyyu da makarantu, suna kuma shiga inda namiji ba ya shiga, watau cikin gida wurin mai jego da amarya da marar lafiya. A buɗe musu shafinsu a littafi, a nemi malama ko dattijuwa mai mutunci ta zama uwar ƙungiya, taronsu ya kasance da rana a wurin da iyaye suka yarda da shi. Ran da shugabanni ke zuwa gaban hakimi, a ji ta bakinsu su ma, ko ta hannun uwar tasu.

Kammalawa

Abin da ake roƙon kowane hakimi in ya koma gida kaɗan ne. Ya sa a buɗe littafin nan kafin wata ya ƙare. Ya kira shugabannin samarin ƙasarsa ya ga fuskokinsu. Ya zaɓi aiki ɗaya tak wanda ƙasarsa ta fi bukata, tasha ce ko aji ko magudana, ya danƙa musu, sa'an nan in sun yi ya yaba musu a bainar jama'a, ya kai sunansu gaban Sarki. Za su yi kuskure, gama yara ne, gyara kuwa a zaure ake yinsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaran nan da ke zaune a bakin tabarma yau, cikinsu ne za a sami limamai da dagatai da malaman hakimai na gobe, kuma irin riƙon da aka yi musu shi za su yi wa na bayansu.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana, ya taimaki hakimansa, ya shirya mana zuriya, ya zaunar da ƙasar Yauri da Nijeriya lafiya. Amin.